Alƙalami

Alƙalami (jam'i: alƙaluma ko alƙalamai) abin rubutu ne mai siririn baki wanda ake ɗaukar tawada da shi a ɗora ta a kan allo ko takarda. A Hausar yau kalmar ta ƙunshi biro da sauran abubuwan rubutu na zamani, amma asalin abin da Hausawa suka sani da wannan suna shi ne alƙalamin kara, wanda ake fiƙewa da wuƙa daga gamba ko sillen dawa. Da shi aka rubuta littattafan Larabci da na ajami a ƙasar Hausa tsawon ɗaruruwan shekaru, kuma har yanzu da shi ake rubutu a makarantun allo da tsangayu, ciki har da na ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina.

Alƙalamin kara ba shi da tsada, kuma yawanci mai rubutun ne yake yin abinsa. Gwanintar da ke tattare da shi tana cikin iya fiƙe baki, haɗa tawada da kyan hannu. A wasu ƙasashe kuwa, musamman Japan, jikin alƙalamin ne aka mayar wurin nuna sana'a, inda ake shafe shi da ruwan wani itace mai suna urushi a yi masa zane da garin zinariya, har kuɗinsa ya kai dubban daloli.

Asalin kalma

Hausa ta aro kalmar daga Larabci, al-ƙalam. Larabci ma ana danganta tata da kalmar Girkanci kalamos, wadda ke nufin kara ko iwa. Daga wannan tushe ne Swahili ta sami kalamu, Turkanci kuma kalem. Da Hausa ta ɗauki kalmar, sai ta haɗa ta da "al" ɗin Larabci suka zama kalma guda, kamar yadda ya faru da allo, alƙali, albasa, alkama da aljihu. An ƙara mata wasalin "i" a ƙarshe domin mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa.

Sauran kalmomin rubutu ba duka ta hanya ɗaya suka shigo ba. Masana harshe suna ganin takarda ta biyo ta harsunan Buzaye da danginsu, kuma "ta" ɗin da ke farkonta alamar jinsin mace ce a waɗannan harsuna. A shekarar 1960 masanin harshe ɗan Amurka Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa karatu da rubutu ta hannun Barebari suka iso Hausa. Wannan ya dace da matsayin Barno a idon almajiran ƙasar Hausa, waɗanda har yau suke cewa za su tafi gabas neman Alƙur'ani.

Tarihi a ƙasar Hausa

Alƙalami ya yaɗu tare da Musulunci da fataucin Sahara. A ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Korau a Katsina da Muhammadu Rumfa a Kano (1463 zuwa 1499), biranen biyu sun riga sun tara malamai da littattafai. A zamanin Rumfa ne Shehu Magili ya zauna a Kano ya rubuta masa nasiha kan sha'anin mulki. Katsina ta yi fice da malamai marubuta irin su Wali Ɗan Marina, Wali Ɗan Masani (1595 zuwa 1667) da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741.

A kudu maso yammacin tsohuwar ƙasar Katsina akwai garin 'Yandoto, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Tsafe a Jihar Zamfara, maƙwabciyar Faskari. Kafin jihadin da aka fara a 1804, 'Yandoto cibiyar ilimi ce da ɗalibai ke zuwa daga nesa. Rundunar Muhammadu Bello ta ci garin a shekarun farko na jihadin, malamansa da yawa suka watsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙanensa Abdullahi, ɗansa Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce, kuma duk da alƙalamin kara aka rubuta su aka kuma kwafe su.

Takarda ita ce abin da ake shigowa da shi daga waje. Yawancin wadda aka yi amfani da ita a ƙarni na 18 da na 19 daga Italiya aka yi ta, ta biyo ta Tarabulus da Masar. Idan aka ɗaga irin wannan takarda a haske ana ganin tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Alƙalami da tawada kuwa a gida ake yin su.

Kayan yi da yadda ake fiƙewa

Gamba doguwar ciyawa ce da ke fitowa a daji da gefen gonaki, wadda masana tsirrai ke kira Andropogon gayanus. Da ita ake saƙa zana. Kararta siririya ce mai tauri, shi ya sa bakinta ke jimre rubutu. Sille kuwa shi ne siririn karan da ke can saman dawa, ƙarƙashin zangarniya. Ya fi sauƙin samu bayan girbi, amma bakinsa ya fi saurin lalacewa, don haka yara masu koyo sun fi amfani da shi.

Ana zaɓar karan da ya ƙosa ya bushe sarai, wanda ƙwaro bai huda ba. A yanke shi kamar tsawon taƙi guda. Daga nan mai fiƙewa zai bi waɗannan matakai da wuƙa mai kaifi ko reza:

1. Ya yanke gefe ɗaya a karkace, ya rage totuwar da ke ciki domin a sami ɗan kwarin da zai riƙe tawada.
2. Ya fere gefe da gefe har bakin ya sirance daidai kaurin rubutun da ake so.
3. Ya tsaga bakin kaɗan a tsakiya. Ta wannan tsaga tawada ke gangarowa a hankali.
4. Ya datse tsinin, ya gwada a kan allo ko guntuwar takarda.

Idan tsagar ta yi tsawo, tawada za ta zubo ta ɓata shafi. Idan ta yi gajarta, alƙalamin zai riƙa ƙin ba da tawada. Bakin da ya dakushe ana sake fiƙe shi, a haka alƙalamin ke gajarcewa har a yar da shi a ɗauki wani. Saboda haka marubuci yakan ajiye alƙaluma da yawa: mai kauri na baƙaƙe, siriri na wasali, kuma kowane launi da nasa, domin kada tawada ta gauraya.

Tawada da kurtu

Tawada iri biyu ce a wajen masu rubutun gargajiya, kuma bambancinsu yana da muhimmanci.

Ta farko ita ce tawadar allo. Ana yin ta da gawayi ko baƙin tukunya, a haɗa da ƙaro da ruwa. Wadda aka yi da ƙonannen itace, musamman na aduwa, ita ake kira zuge. Aikin ƙaro shi ne ya riƙe baƙin ya manna shi a jikin allo. Da yake ƙaro yana narkewa a ruwa, ana iya wanke wannan tawada a sake rubutu, kuma da ita ake yin rubutun sha.

Ta biyu ita ce tawadar takarda, wadda marubuta Alƙur'ani ke kira yambar. Ana jiƙa ko dafa 'ya'yan bagaruwa tare da ƙarfe ko kashin maƙera, a tace, a sa ƙaro. Sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda shi ne majema ke amfani da shi wajen jima, yana haɗuwa da ƙarfe ya ba da launi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Wannan tawada tana shiga cikin takarda, ba ta wankuwa. Illarta ita ce idan ƙarfen ya yi yawa, bayan shekaru takan cinye takardar ta bar huji a gurbin baƙaƙe.

Ana zuba tawada a kurtu, wato ƙaramin duma da aka huda wa baki aka ɗaura masa igiya ko fata don ratayewa. A yanzu almajirai da yawa sun koma amfani da ƙananan kwalabe da robobi.

Daga allo zuwa Alƙur'ani

A makarantar allo malami ne ke fara rubuta wa yaro, tun daga babbaƙu zuwa farfaru. Sai yaro ya yi ƙwari yake fara riƙe alƙalami da kansa, yana kwafa daga takarda. A tsangaya, gardi mai neman hadda yakan kai matakin satu, inda zai riƙa rubuta karatunsa a allo da ka, malami ya duba ya gyara masa a wajen darasu. Wanda ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta izu sittin ba tare da dubawa ba shi ake kira alaramma. Gaba da shi akwai gwani.

Alƙur'anin hannu na ƙasar Hausa da Barno bisa ruwayar Warshu ake rubuta shi, kuma kowane launi da aikinsa. Baƙi na baƙaƙe ne, ja na wasali, rawaya na hamza, kore kuma na alifin da ake sadarwa. Ba a ɗinke takardun. Ana rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata domin a gane jeri, a sa su cikin bangon fata, a ajiye a gafaka. Masu nazarin rubutu suna rarrabe salon Barno da salon Kano. Ɗaya daga cikin tsofaffin Alƙur'anan Barno da masani A. D. H. Bivar ya yi bayaninsu yana ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da 1669. A ƙarni na 20 Sharif Bala Gabari na Kano ya shahara da kyan hannu, kuma an buga rubutunsa a injin ɗab'i ya yaɗu a kasuwannin littattafai.

Ado a wannan al'ada shi ne zayyana. Ana yin ta a farkon Alƙur'ani da wuraren da ke nuna izu, rubu'i, sumuni da sujada. Ana kuma yin ta a allon sauka, wanda ɗalibi ke riƙewa ranar walimarsa. Duk wannan ado da alƙalamin kara ake yin sa, amma shi alƙalamin ba a yi masa ado.

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna shiyyar Funtuwa, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta tarayya. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ana noma masara, dawa da auduga sosai. Saboda haka kara, gamba, bagaruwa da gawayi duk abubuwa ne da ake samu a kusa, kuma almajiri yana iya haɗa kayan rubutunsa ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba. Kamar sauran ƙasar Hausa, an saba da tafiya karatu da rani bayan an gama aikin gona, lokacin da kara ya bushe.

Yankin yana iyaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari a Jihar Kaduna. Matsalar 'yan bindiga da ta addabe shi a shekarun baya-bayan nan ta raba ƙauyuka da yawa da mutanensu, ta kuma sa shiga daji ya zama haɗari. Idan iyali suka yi gudun hijira, tsofaffin takardun da suka gada na cikin abubuwan da suka fi saurin salwanta ta hanyar gobara, ruwa ko gara.

Alƙalamin zamani

Makarantun boko, tun daga wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sun zo da alƙalami mai bakin ƙarfe da ake tsomawa a kwalbar tawada. Bayansa sai alƙalami mai shan tawada, wanda ke da ma'ajiya a cikinsa. Tawada tana bin wata siririyar hanya zuwa baki, iska kuma tana shiga ta cike gurbinta, don haka ba ya buƙatar tsomawa.

Tunanin irin wannan alƙalami ya daɗe. Alƙali Nu'uman ya ba da labarin cewa a ƙarni na 10 halifan Faɗimiyya al-Mu'izz ya sa an ƙera masa alƙalamin da ke riƙe tawadarsa ba ya ɓata hannu ko tufa. A zamanin masana'antu, Lewis Waterman na Amurka ya yi rajistar nasa a 1884. Biro kuwa sunan mutum ne, László Bíró ɗan ƙasar Hungari, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Arahar biro ta sa alƙalami mai shan tawada ya ragu a ofisoshi da makarantu, ya koma abin kyauta, abin sa hannu a manyan takardu da abin tarawa ga masu sha'awa.

Alƙaluman alfarma na Japan

Urushi ruwan wani itace ne da ke fitowa a Japan, Sin da Koriya. Ana tsaga bawon itacen da ya kai shekara 10 zuwa 15, a riƙa kwasar ruwan kaɗan-kaɗan daga watan Yuni zuwa kaka. Abin da itace ɗaya ke bayarwa bai wuce kimanin giram 200 ba. Ɗanyensa yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Ba zafin rana ke busar da shi ba: sai an ajiye abin da aka shafa a akwati mai ɗumi da laima sannan yake daskarewa. Idan ya daskare, ruwa da gumi ba sa cin sa. Japanawa sun yi dubban shekaru suna shafa shi a kwanukan katako, akwatuna da kayan ado. Yankin Joboji a lardin Iwate ne ya fi samar da shi a cikin gida, amma mafi yawan wanda ake amfani da shi yanzu daga Sin ake shigo da shi.

Shigarsa sana'ar alƙalami ta samo asali ne daga wata matsala. A farkon ƙarni na 20 ana yin jikin alƙalami da baƙar roba mai tauri da aka dafa da farar wuta, wadda hasken rana da gumi ke koɗar da ita. Kamfanin da Ryosuke Namiki da Masao Wada suka kafa a Tokyo a 1918, wanda aka sauya wa suna zuwa Pilot a 1938, ya magance wannan da shafa urushi, ya yi rajistar dabarar a 1925. Da aka ga shafen ya karɓi alƙalami, sai aka gayyaci masu zanen gargajiya, ciki har da Gonroku Matsuda. A 1930 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da Alfred Dunhill na Landan, aka riƙa sayar da alƙaluman a Turai da sunan Dunhill-Namiki. A 1931 aka kafa ƙungiyar masu zanen kamfanin mai suna Kokkokai. Gwamnatin Japan ta ba Matsuda matsayin gwanin da ƙasa ke taƙama da shi a 1955.

Babbar dabarar adon ita ce maki-e, ma'ana zanen da aka barbaɗa. Mai zane yana zana hoto da urushi da siririn buroshi, kafin ya daskare sai ya barbaɗa garin zinariya ko azurfa ta cikin ɗan bututu. Akwai nau'i uku da aka fi sani:

1. Hira maki-e: zanen yana kwance a saman shafe, a ƙara masa shafe kaɗan a goge.
2. Togidashi maki-e: a rufe zanen gaba ɗaya da urushi, sannan a goge da gawayi har ya sake bayyana daidai da jikin alƙalamin.
3. Taka maki-e: a tara urushi da garin gawayi har zanen ya taso, sannan a barbaɗa zinariya.

Akwai kuma raden, wato manna ƙananan yankan ɓawon kifin teku mai ƙyalli, da chinkin, inda ake sassaƙa zane a jikin shafen a cusa zinariya a ciki. Kowane shafe sai ya daskare an goge shi kafin a ƙara wani, shi ya sa alƙalami ɗaya kan ɗauki watanni. Mai zanen yakan sa sunansa a jiki, kuma bakin alƙalamin yawanci na zinariya ne. Ban da Pilot, kamfanonin Sailor (1911), Platinum (1919) da Nakaya suna yin irin waɗannan alƙaluma. Garin Wajima, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin sana'ar urushi, ya yi babbar asara a girgizar ƙasar ranar 1 ga Janairu 2024, wadda ta rushe wuraren aikin masu sana'a da yawa.

Kwatanci

Al'adun biyu sun dogara da ruwan itace da gawayi, amma kowace da manufarta. Bahaushe ya zaɓi ƙaro saboda yana narkewa, allo ya wanku a sake rubutu gobe. Bajapane ya zaɓi urushi saboda ba ya narkewa, alƙalami ya daɗe har a gaje shi. A tsangaya gawayi shi ne baƙin tawada, a Japan kuma abin goge shafe ne. A ƙasar Hausa sunan marubuci a shafin ƙarshe na littafi ake samun sa, a Japan kuwa sunan mai zane a jikin alƙalami yake. A wurare biyun ana koyon sana'ar ne a gaban malami tsawon shekaru, kuma tana dogara da samun matasan da za su jure zaman koyo.

Adana rubutun hannu

Alƙalamin kara ba ya daɗewa, don haka abin da ya rage na tarihinsa shi ne takardun da aka rubuta da shi. Ana adana irin waɗannan takardu a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da jami'o'i irin su Jami'ar Bayero ta Kano. Wasu masu yawa kuma suna hannun iyalai. Manyan abubuwan da ke lalata su su ne laima, gara, ɓera da tawadar da ƙarfenta ya yi yawa. Masu adana takardu suna ba da shawarar a nisanta su da ƙasa da bangon da ke jiƙa, kada a liƙe yagewa da salatif, kada a naɗe su a leda inda gumi zai taru, a kuma ɗauki hotonsu kafin su ƙara lalacewa.

A cikin harshe

Kalmar ta haifar da wasu ma'anoni a Hausa. Jam'inta, alƙaluma, yana nufin lambobin lissafi, kamar a "alƙaluman ƙididdiga" ko "alƙaluman zaɓe". Idan aka ce "bakin alƙalami ya bushe", ana nufin an riga an yanke magana, ba sauran canji, kuma salon ya samo asali ne daga koyarwar Musulunci kan ƙaddara. "Tuntuɓen alƙalami" kuskure ne da aka yi wajen rubutu ba da niyya ba, kamar yadda ake cewa tuntuɓen harshe a magana. Sura ta 68 a Alƙur'ani sunanta Suratul Ƙalam, kuma an ambaci alƙalami a ayoyin farko na Suratul Alaƙ. Wannan na cikin dalilan da suka sa a makarantun allo ake hana yara taka alƙalami ko wasa da shi.